Tafin Hannun Gado

Albasa na ɗauko daga Aliero,
buhu goma sha biyu, ja, na zaɓa da hannuna.
Ina lissafin riba tun ban ga mai saye ba.
Da muka hango shataletalen Jega
sai ta yi tari uku, ta yi shiru, motata.

Yara huɗu suka tura ta, ina riƙe da sitiyari,
har gindin dalbejiya, garejin Magawata.
Ya fito yana goge hannu da tsohuwar riga,
bai duƙa ba, bai leƙa inji ba,
ya ce, "Alhaji, kafireto ne, na san cutarta."

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma na amsa.
Ragon da za a yanka, ai sai an shafa wuyansa.
Na ƙirga dubu tara, ya soke a aljihu.
Aka kwance, aka wanke da fetur, aka hura da baki,
aka murza makulli, tana nan a kwanciyarta.

Gobe fulogi ne, jibi famfon mai, kwayil kuma gata.
Ciwo ɗaya, kowace safiya da sabon suna.
Ɗan'ige, yaronsa, ya hau babur da kuɗina
zuwa Birnin Kebbi neman ɗan asali.
Ya dawo da la'asar, leɓensa na maiƙon tsire,
da wani ƙarfe a leda, an shafe shi da baƙin mai
don kada tsatsa ta faɗi shekarunta.

Na koyi zama a benci mai ƙafa uku da bulo.
Na san mai koko, na san sunan 'yarta.
Albasa a bayan mota ta fara tsiro,
koren harshe ta ramin buhu, tana yi mini gwalo.
Dillali ya kira ni sau bakwai, sannan ya manta.

Kwana na shida na ɗaga murya.
Magawata ya ce, "Inji za a sauke, ka yi haƙuri."
Sai ka ce haƙuri ana zuba shi a tanki.
Na ji gwiwata ta saki, na nemi wuri na kwanta.

Can gefe akwai tsoho mai facin lagireto,
Gado, kurma ne, ba mai tambayarsa komai.
Ya ajiye dalmarsa, ya tako a hankali,
ya yi mini nuni da yatsa: murza.
Ya ɗora tafin hannu a kan injin,
ya lumshe ido kamar mai tuna karatu,
ya bi waya ɗaya da ɗan yatsa,
ya bi ta, ya bi ta, har ƙarƙashin batir,
nan ya tsaya. Ɓera ne ya ci rabinta.

Da haƙori ya fere ta, ya murɗe, ya naɗe da leda.
Na murza. Ta yi ruri har kaji suka watse.
Shi bai ji ba. Hannunsa ne ya ji,
ya yi murmushi da haƙora huɗu, ya shafa ta.

Magawata ya ce, "Ai dama can na nufa."
Ban tanka ba, bakina ya gaji.
Na miƙa wa Gado kuɗi, ya ture hannuna,
ya zura nasa cikin buhu, ya lalubo
albasa uku da ba su tsira ba,
ya ɗaga mini su, ya koma wurin wuta.

Rabin kuɗi na sayar da sauran.
Tsohon kafireton yana gida, lafiyarsa ƙalau,
da shi Hajo ke tokare ƙofar madafarta.

Yanzu in ta yi tari a hanyar Jega,
sai in kashe rediyo, in sauka gefen titi,
in ɗora hannuna a kanta, in yi shiru.
Har yau ban iya ba. Amma ina saurarenta.